Asabar Ɗin da Ban Koma Ba

A wani ƙauye na ƙasar Roni aka haife ni, a gindin duwatsu. Kakannina Maguzawa ne, mahaifina kuwa shi ne farkon wanda ya karɓi bishara a zuriyarmu. Don haka na tashi na tarar da gida biyu a cikin gida ɗaya. A sashenmu ana addu'a kafin a sa hannu a tuwo. A sashen gwaggona, ƙanwar mahaifina, ana zuba wa iskoki giya a gindin tsamiya. Ba a taɓa yin faɗa a kan wannan ba, kowa ya kama nasa.

Na yi karatu har na zama malamar firamare, aure ya kawo ni Kazaure. Maigidana bakanike ne, gyaran babur yake yi a bakin titi, mutum ne marar yawan magana. Ikkilisiyarmu ƙarama ce, kowa ya san kowa, har an san wanda ya saba zama a wane benci. A nan na haɗu da matar da nake kira Yaya. Ba mu haɗa jini ba, ta dai girme ni da 'yan shekaru, mijinta kuma yana cikin dattawan ikkilisiya. Tun ina amarya ta jawo ni jikinta. Ita ta nuna mini mai niƙan da ba ya haɗa garin mutane, ita ta shigar da ni zumuntar mata, da hannunta ta ɗaura mini zanen zumunta na farko. In ana sujada ita ke buga tulu, ni ina ba da waƙa, mata suna amsawa. Mahaifiyata ta rasu tun kafin aurena, sai na ɗauki Yaya na ajiye a gurbinta ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Shekara shida da aure ban riƙe ɗa a hannuna ba. Ciki uku na yi, duka suka zube kafin su kai wata huɗu. Na je asibiti, na sha magani, na yi azumi, an ɗora mini hannu an yi addu'a. Maigidana bai taɓa yi mini gori ba, amma nakan ga yadda yake bin 'ya'yan maƙwabta da ido in sun zo wucewa ta wurin aikinsa. Bayan ɓari na uku gwaggo ta zo duba ni. Ta jira maigida ya fita, sannan ta matso kusa.

"'Yata, kin kai kukanki wurin likita, kin kai wurin fasto. Saura wuri ɗaya."

"Gwaggo, kin san mu ba ma zuwa irin wuraren nan."

"Wa zai sani? Cewa za ki yi za ki raka ni ganin dangi a Babura."

Na ƙi a ranar. Bayan mako biyu ni da kaina na aika mata cewa na yarda. Muka shiga mota zuwa Babura ranar kasuwa, daga nan muka hau babur zuwa wani ƙauye dab da iyaka. Bokan tsoho ne, yana zaune a wata bukka mai warin hayaƙi, ko fuskata bai kalla ba, da gwaggo ya yi ta magana. Ya ba ni saiwoyi in riƙa jiƙawa ina sha, da wani siririn guru in ɗaura a ƙugu.

Kwana tara na yi da gurun nan. Ranar Lahadi ina tsaye a gaban jama'a zan ba da waƙa, ina jin sa yana cizon fatata a ƙarƙashin zanen zumunta, sai muryata ta ƙi fita. Yaya ta ɗaga kai daga kan tulu ta dube ni, ta karɓi waƙar ta ci gaba. Ina komawa gida na kwance shi na jefa a murhu, na zubar da saiwoyin a bayan gida, na durƙusa na roƙi gafara. Washegari na tafi gidan Yaya. Na same ta a ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na gaya mata komai, tun daga zuwan gwaggo har zuwa murhu, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta ture faifan gyaɗar, ta riƙe hannuwana biyu, ta yi mini addu'a mai tsawo. Da ta gama ta ce:

"Allah ya ji tubanki, ƙanwata. Wannan magana a ɗakin nan ta mutu, a nan muka binne ta. Ko maigidanki kada ki ɗora masa wannan nauyi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na bi shawararta, ban gaya masa ba.

Shekara biyu bayan haka na haifi 'yata. Yaya ce ta tare a gidana, ta dafa mini ruwan wanka, ta dama mini kunun kanwa har na yi arba'in. Da yarinyar ta yi ƙwari na ce wa Ubangiji zan yi masa wani aiki na godiya. A lokacin zumuntarmu tana neman wadda za ta riƙa zuwa wani ƙauye a ƙasar Gwiwa tana koya wa matan ikkilisiyar can karatu, don yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Na ɗaga hannu. Kowace Asabar da safe maigidana yakan ɗauke ni a babur, ko ya haɗa ni da ɗan acaɓa da ya yarda da shi. Mukan shimfiɗa tabarmi a inuwar wata ɗorawa kusa da majami'arsu ta laka, in jingina allo a jikin itacen. Akwai masu goyo, akwai masu jika. Babbarsu wata tsohuwa ce da kowa ke kira Iya, gwauruwa, hannunta duk kanta saboda fartanya. Ita ta fi kowa jinkirin ganewa, ita kuma ta fi kowa naci. Takan riƙe fensir kamar za ta soke takarda. Ta ce mini abu ɗaya take so kafin ta mutu, ta buɗe Maganar Allah ta karanta da idonta, ba sai ta jira wani ya karanta mata ba. Da damina aji kan watse saboda gona, mu dawo bayan girbi mu tarar rabin abin da aka koya ya gudu, mu sake daga baya. Duk da haka muka gama baƙaƙe, muka gama wasula, muka fara haɗa su bibbiyu.

'Yata tana da shekara huɗu aka zo zaɓen shugabar zumunta. Mata suka ba da suna biyu, nawa da na Yaya. Na je na same ta na ce zan janye, ba zan yi takara da ita ba. Ta yi dariya ta dafa kafaɗata.

"Haba, ki bari mata su zaɓa. Ke da ni ai duk ɗaya ne."

Ana saura mako guda, fasto ya aiko cewa yana son ganina ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta, in zo tare da maigidana. Na ɗauka maganar ajin ƙauye ce, don na roƙi a sayo mana sabon allo. Muka tarar da dattawa huɗu a zaune a ofishinsa. Mijin Yaya yana cikinsu, kansa a sunkuye. Bayan gaisuwa da addu'a fasto ya gyara murya.

"Malama, an kawo mana wata magana, ba ma so mu yanke hukunci sai mun ji daga bakinki. Gaskiya ne kin taɓa zuwa wurin boka neman haihuwa?"

Maigidana ya yi 'yar dariya. "Baba, wace Malamar? Ai kun yi kuskuren gida."

Ban iya kallonsa ba. Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Na je sau ɗaya. Na tuba tun a lokacin, na ƙone abin da aka ba ni."

Wani dattijo ya tambaya, "Kafin a haifi yarinyar ne ko bayan an haife ta?"

"Shekara biyu kafin a haife ta."

Ya girgiza kai. "To, Allah ne kaɗai ya san ta hanyar da ta zo."

Maigidana ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya fita. Na ji ƙarar babur ɗinsa tana nisa. Da ƙafa na koma gida.

Ranar Lahadi aka karanta sanarwa a gaban jama'a. An sa ni ƙarƙashin horo na wata shida. Ba zan ci jibin Ubangiji ba, ba zan ba da waƙa ba, ba zan koyar ba, kuma zan zauna a bencin baya. Bencin yana bakin ƙofa, kusa da inda ake jingine tsintsiya da bokiti. Daga can ana ganin ƙeyar kowa. Na tashi daga cikin mata na taka zuwa wurin, ina jin idanu a bayana. Mutum ɗaya ne a duniya, ban da gwaggo wadda ba ta taɓa taka majami'a ba, ya san wannan magana.

Na jira kwana uku kafin in je gidan Yaya. Tana shanya a tsakar gida. Ta ce in shigo ɗaki, na ce a nan ma ya isa.

"Yaya, me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba. Lamirina ne ya hana ni sakat. Ta yaya za a ɗora ki a kan mata alhali akwai abin da ikkilisiya ba ta sani ba?"

"Shekara shida lamirin yana ina? Da kika yi mini wankan jego yana ina?"

"Ki yi haƙuri ki karɓi horo, don amfaninki ne."

"Ke kika ce kada in gaya wa maigidana."

Ta matse rigar da ke hannunta, ta yarfa ta, ta rataya a igiya. "Ni ban tuna na ce haka ba."

Wannan kalmar ta fi sanarwar ciwo. Da ta ce kishi ne ya ɗebe ta, da na san abin da zan yafe. Har yau ban sani ba ko da gaske ta yarda cewa aikin Allah ta yi. Aka yi zaɓe, ta zama shugaba.

A gida maigidana ya yi makonni ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Yakan ci abinci, ya ɗauki 'yarsa ya yi mata wasa, ya fita. Wata rana da yamma yana wanke baƙin mai daga hannunsa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba zuwanki ne ya fi yi mini ciwo ba. A gaban maza na ji, kamar baƙo a gidana." Na ba shi haƙuri, ban kawo sunan kowa don in kare kaina ba. Lahadin da ta biyo ya shigo majami'a, ya wuce bencin maza, ya zo ya zauna kusa da ni a baya. Wani dattijo ya yi masa alama ya dawo gaba, ya yi kamar bai gani ba. A nan ya zauna har watannin suka cika.

Abin da ya ƙarasa karya ni shi ne ranar da 'yata ta dawo daga ajin yara na Lahadi ta tambaye ni, "Mama, mene ne 'yar boka?" Yara ba sa ƙirƙiro irin wannan magana, a bakin manya suke tsinta.

Asabar ta ƙarshe da na je ƙauyen nan kafin abin ya faru, na ce wa matan, "Sai Asabar mai zuwa, za mu fara karanta kalma sukutum." Ban koma ba, ban kuma aika da ko gaisuwa ba. Kunya ta hana ni da farko, daga baya fushi ya karɓa.

Da wata shida suka cika aka kira ni gaba, aka yi addu'a, aka ce an maido ni cikin zumunci. Jama'a suka tafa. Yaya ta taso a matsayinta na shugaba ta rungume ni a gaban kowa. Na tsaya kamar itace. Da na koma gida na ninke zanen zumunta na sa a ƙasan akwati.

Daga nan na rufe hannuna. Aka ce in dawo waƙa, na ce maƙogwarona yana ciwo. Aka ce in koyar da yara, na ce aikin makaranta ya yi mini yawa. Ko sharar majami'a in aka raba, sai in sami dalili. Ban daina zuwa sujada ba, amma nakan shigo bayan an fara, in fita kafin a gaisa, kuma da kaina na ci gaba da zama a bencin baya ko da yake babu wanda ya ce in zauna. Ba da mutane kaɗai nake fushi ba. A zuciyata nakan ce wa Ubangiji: na zo maka a ɓoye na tuba, ka karɓa, ka ba ni 'ya, na yi maka aiki da dukan ƙarfina, to don me ka bari aka tone abin da ka riga ka rufe? Na ji kamar shi ma ya saki hannuna a tsakiyar kasuwa. Addu'ata ta koma ta bakin tuwo kawai. Aka canja fasto, sabon ya zo har gida sau uku yana roƙona in karɓi wani aiki. Nakan kawo masa ruwa, in saurare shi da ladabi, in ce zan yi tunani. Shekara biyar ina wannan tunanin.

Wata Alhamis da bazara, na dawo daga makaranta ina zaune a inuwa ina fifita, sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da wata murya mai rawa. Iya ce. Ta rame, tana lalube da sanda. Babban ɗanta ne ya kawo ta asibiti a duba mata ido, aka ce yanar ido ce ta rufe mata gani, sai an yi aiki. Ta ce masa ba za ta bar Kazaure ba sai ya nemo mata gidan Malama. Na durƙusa na gaishe ta, na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta sha, ta huta, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani abu a cikin leda. Littafin rubutunta ne, ya yi laushi saboda riƙo. Ta miƙo mini. A shafin ƙarshe akwai layin da na rubuta mata da jan biro don ta kwaikwaya, a ƙasa kuma nata rubutun, layi bayan layi har takardar ta ƙare.

"Asabar uku muna shimfiɗa tabarma muna jiranki," ta ce. "A ta huɗu mai bishararmu ya ce an sa ki horo na wata shida. Muka ƙirga. A wata na bakwai muka sake shimfiɗawa."

"Iya, ba ki san abin da aka yi mini ba."

"Na sani sarai. Magana ai ba ta bukatar babur. Wurin boka kika je. 'Yar nan, kafin in san Ubangiji ni nake riƙe wa mijina kazar da za a yanka wa iskoki, har na yi jika ina yi. A cikinmu kunyar wa za ki ji?"

"An ci amanata, Iya. Wadda na ɗauka uwa ce ta kai ni."

"An ci. Ban ce ba a ci ba. Wadda ta ci, ita da Allah. To mu me muka ci miki? Kin huce haushin kaza a kan dami." Ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryata. "Ke kika ce Asabar. Da bakinki kika faɗa. Ni na yarda da ke, ga shi ido ya tafi ban karanta ko kalma ɗaya ba."

Zan so in ce nan take zuciyata ta narke, amma ba haka aka yi ba. Haushi na ji. Shekara biyar ni ce wadda aka zalunta, na saba da wannan matsayin, ga wata tsohuwa ta zo har gidana tana gaya mini cewa ni ma na yi wa wasu irin abin da aka yi mini. Na zuba mata abinci, ta ci kaɗan. Da za ta tafi na miƙa mata littafinta, ta ture hannuna.

"Riƙe. In kin zo ki taho mini da shi. In ba za ki zo ba ki hura wuta da shi."

Na ajiye shi a kan kwaba. Da maigidana ya dawo ya ɗauka ya duba shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Ranar Asabar da safe ya leƙo ɗaki.

"Na zuba mai a babur."

"Wa ya ce maka zan je wani wuri?"

"Babu wanda ya ce. Na dai zuba."

Ban je ba. Na wuni ina wanki, har abin da ba shi da datti na wanke. Duk inda na juya ina ganin layukan nan na Iya, yadda ta yi ta maimaita abu ɗaya don babu wanda zai rubuta mata na gaba. Ranar Lahadi bayan sujada na tsaya, abin da na daɗe ban yi ba, na ce wa fasto ina so in koma ajin ƙauye. Ya yi murna ƙwarai. Sannan ya ce, "Sai dai aikin na zumuntar mata ne, Malama. Ki shaida wa shugaba."

Har lokacin Yaya ce shugaba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta tana naɗe tabarmi. Shekara biyar ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana. Na taka na je, na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni a taƙaice. Ta ɗaga hannu sama.

"Madalla! Mun daɗe muna yi miki addu'a Allah ya taɓa zuciyarki."

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Lahadin da ta biyo ma ta tashi lokacin shaida ta ce a taya zumunta godiya, addu'arsu ta dawo da wadda ta yi nisa. Na ji kamar in tashi in fita, in je in cusa littafin Iya a murhu kamar yadda ta ce. Maigidana ya dubo ni daga bencin maza, ya girgiza kai kaɗan. Na zauna.

Asabar ta zo, na hau bayan babur da alli a jaka da fushi a ciki. Mun wuce duwatsu, mun bar kwalta mun shiga burji, a nan na yi addu'ar gaskiya ta farko cikin shekara biyar. Ba mai kyau ba ce. Na ce, "Ubangiji, ga ni, ba da farin ciki na zo ba. Har yanzu ban gane abin da ya sa ka bari ba. In kana karɓar aikin mai fushi, ka karɓa." Ban ji wata amsa ba. Babur ya ci gaba da tafiya.

Ba a tarbe ni da guɗa ba. Biyu daga cikin ɗalibaina sun rasu, wasu sun bi 'ya'yansu birni. Mata biyar suka fito, da surukansu guda uku da ban sani ba. Wata da ta yi suna a ƙauyen saboda tsage gaskiya, wadda a da take zama a gaba, ta tsaya daga nesa da tulun ruwa a ka.

"Malama, sannu da zuwa. Ni ba zan zauna ba sai na ga Asabar uku a jere."

Na ce ta yi daidai. Na durƙusa a gaban matan na ba su haƙuri, ban kawo dalili ba. Iya ta ce, "Ya isa, tashi, rana tana yi." Na sa mata littafinta a hannu. Muka koma baƙin farko, kamar ba a taɓa yi ba.

An yi wa Iya aiki bayan girbi, ido ɗaya ya buɗe kaɗan. Ba ta iya ganin rubutun littafi, don haka nakan rubuta mata da gawayi a jikin kwali, kowane baƙi kamar tafin hannu. Ba ta kai ga buɗe Maganar Allah da kanta ba. Abin da ta kai gare shi shi ne gajeren layi ɗaya da na kwafo mata daga ciki, ta bi shi da yatsa, ta haɗa, ta faɗa, sannan ta sake faɗa da ƙarfi don na nesa su ji. Ta rasu da bazarar da ta biyo. Da na koma a wata na bakwai, da ta karanta fiye da haka. Wannan nawa ne, ba na iya ɗora shi a kan kowa.

Ni da Yaya muna gaisawa. Ba ta taɓa cewa in yafe mata ba, na kuma daina jira. Akwai ranakun da nake ganinta in ji babu komai a raina, akwai ranakun da in ta fara buga tulu sai in ji ɗacin ya dawo mini sabo, in sake roƙon Ubangiji ya taimake ni. Na dawo cikin mata na zauna, amma ban koma ba da waƙa ba, ban sani ba ko zan koma. 'Yata ta girma, na zaunar da ita na gaya mata labarin duka da bakina.

Ajin ya ƙaru yanzu, har da matan maƙwabta Musulmi biyu da suke so su riƙa karanta saƙo a waya da kansu. Yanzu ko da damina ba ma watsewa. Da daminar bara ruwa ya cika wani rafi da ke kan hanya, babur ya kasa haurawa. Maigidana ya ce mu juya, za su gane. Na ce ya jira ni a nan. Na cire takalmi, na ɗora jaka a ka, na shiga ruwan har ƙugu, na ƙarasa sauran tafiyar a ƙasa. Na isa a makare, zanena yana ɗiga. Suna zaune a cikin majami'a saboda yayyafi, babu wadda ta gaji da jira ta tafi. Mai tsage gaskiyar nan ta dube ni sama da ƙasa, ta tafi gida da sauri ta kawo mini busasshen zane. Na canja a bayan ƙofa. Allin ya jiƙe ya zama kamar kunu, sai muka yi karatun ranar da baki.